Shekarar da Aradu Ta Faɗa wa Rumbun Coci

Kwanan baya samarin ikilisiyarmu suka tashi wai za su gina rumbu da kansu, ba sai an tayar da tsoho ba. Jagoransu Bitrus, jikan ƙanena, shi ya zo ya same ni a gindin ɗorawa ya ce, "Baba Ishaya, ka huta abinka. Ai laka ce kawai, mun ga yadda ake yi a waya." Na ce to, Allah ya ba da sa'a. Da safe suka kwaɓa ƙasa, da hantsi suka fara ɗorawa, kafin la'asar gini ya kawo musu ƙirji suna ta ɗaukar hoto. Washegari da muka fito addu'ar safe, sai ga rumbun ya zauna a ƙasa ya baje, akuyar Pasto ta hau kai ta kwanta tana tuƙa. Ban yi dariya a gabansu ba, sai da na shiga gida na rufe ƙofa.

To, tunda yanzu akuya ta buɗe muku kunne, ku matso in gaya muku abin da waya ba ta faɗa ba. Ni maginin rumbu ne, rumbun ƙasa wanda wasu ke ce wa rufewa, kuma tun gemu bai fito mini ba nake wannan aiki a ƙauyenmu na bayan Burumburum da kewayensa. Abin da mai gida yake damƙa maka ya wuce laka. Abincin iyalinsa ne, kuma a cikin abincin nan akwai irin da zai shuka in ruwa ya sauka. Mutum yana iya kwana da yunwa ya tashi lafiya, amma manomin da damina ta same shi ba iri ya yi asarar bana ya haɗa da baɗi.

A hannun Kawu Jatau na koya, wan mahaifiyata, kuma aikin farko da ya sa ni shi ne neman duwatsu. Rani guda cur na yi ina ɗaukar dutse ban taɓa gini ba. Rumbu ba ya zama a ƙasa. A kan duwatsu ake ɗora shi, don danshi da gara da ɓera su ga tsayi su haƙura, kaji kuma su sami inuwa a ƙarƙashi su riƙa tsince duk garar da ta yi ƙarfin hali. In dutse ɗaya ya fi 'yan'uwansa gajarta, ba ranar gini za ka gane ba, sai ranar da aka cika rumbun da dawa ya fara sunkuyawa yana gaida maƙwabta. Bayan dutse sai ƙasa. Jar ƙasa mai danƙo ake nema, in an sami ta tsohon suri ma ya fi. A zuba ruwa, a yayyanka ramno, wato ciyawar da ke riƙe laka, a tattake da ƙafa har cinya ta yi tsami, sannan a rufe a bar ta ta ruɓa kwana da kwanaki. Lakar da ba ta yi wari ba ba ta isa gini ba. Taku da kuka kwaɓa da safe, ko gaisawa da ciyawar ba ta gama yi ba kuka ɗora ta.

Kayan aikin ba su da yawa, da yatsun hannu ɗaya ake ƙirga su. Fartanya ce, da ƙwaryar ruwa, da tsanin itace mai baki biyu, sai tafin hannunka. Babu igiya, babu ma'auni. Zagaye ɗaya kake ɗorawa ka tafi gida, gobe in ya sha iska ka ɗora wani, ko da mai gida zai tsaya a kanka yana cewa girbi ya matso. Cikin yana buɗewa a hankali har ya yi tumbi, daga nan ka fara tsuke shi zuwa wuya, kana tsaye a ciki kana juyawa, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje suna lallashin lakar. In ka yi kauri ya yi nauyi ya tsage, in ka yi sirara hatsi ya ture shi.

Rumbun farko da Kawu ya sakar mini ni kaɗai, a wani gida ne a Ɗansoshiya. Na ce yau tsohon nan zai san ya sami magaji. Na tsuke wuyan nan ya fito sumul kamar na tulu, ina ciki ina ta yaba kaina. Da na gama na miƙa hannu zan fita, kai ya wuce, kafaɗa ta ce ba ta san zancen ba. Na juya ta dama, na juya ta hagu, na fitar da numfashi duka, ina! Kawu ya hau tsani ya leƙo.

"Kai yaro, me kake jira a ciki?"

"Kawu, bakin ne ya yi kaɗan."

"A'a, baki lafiyarsa ƙalau. Kai ne ka yi yawa." Ya juya ya ce wa mai gidan, "Malam, ga rumbunka mun gama, har mun sa maka ɗan abu a ciki na albarka."

Matan gidan suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ta sama aka miƙo mini tuwo na ci a ciki, kuma sai da rana ta yi sanyi Kawu ya ba ni izini na fasa wuyan da hannuna na fito. Tun daga ranar kafin in tsuke wuya sai na gwada da kafaɗata, shi ya sa ma kuka ga har yau ban yarda na yi ƙiba ba.

Kawu Bamaguje ne, har ya mutu bai taka cikin majami'a ba, sai dai ranar Kirsimeti in ana rabon nama ya tsaya a bakin ƙofa wai wucewa yake yi. Shi kafin ya ɗora lakar farko sai an yanka jan zakara a kan duwatsun. Da na yi baftisma na ce masa ni na bar wannan, addu'a zan riƙa yi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Addu'ar nan taka tana da romo?" Na ce babu. Ya ce, "To ka yi addu'arka, ni in ci zakarana, mu ga rumbun wa zai riga faɗuwa." Har ya bar duniya ba rumbun da ya faɗi, domin shi ya iya laka, ni kuma shi ya koya mini.

Masu ba da aiki kuwa kowa da halinsa. Akwai wani Alhaji a Tudun Wada da ya kira ni, bai ce komai a kan hatsinsa ba, sai ya nuna mini rumbun maƙwabcinsa ta kan katanga ya ce nasa ya ɗara wancan. Akwai wanda gonarsa ba ta wuce noman safiya ba, amma ya ce a gina masa ƙato saboda surukai suna yawan zuwa. A wajenmu mata ma suna da gayaunarsu, wato 'yar gonar kansu, da ɗan rumbunsu, kuma su ne suka fi kowa sa ido. Mace za ta ajiye daka ta zo ta danna bangon da ɗan yatsa ta ce, "Magini, nan wajen bai ji hannu ba," kuma in ka duba ka tarar gaskiyarta ce. Malam Habu kuwa, mai makarantar allo a wajen Kiru, duk rumbunan gidansa ni na gina, kuma duk zuwan da na yi sai ya ce, "Ishaya, hannun nan naka mai albarka ne, saura kawai ka zo mu tsaya sahu ɗaya." In ce, "Allah gafarta Malam, ran da rumbuna ya faɗi a gidanka ka sake tambayata." Sai ya yi dariya ya sa a dama mini fura.

A duk gidajen nan doka ɗaya Kawu ya kafa mini. Abin da idon magini ya gani a rumbu, a nan yake barinsa. In an kira ka gyaran tsaga za ka ga wanda ya cika har wuya, ka ga wanda ɓera ma ya yi ƙaura daga cikinsa, kuma masu gidajen duka su fito dandali da tafiya iri ɗaya. Kai dai ka liƙe tsagarka ka kama hanya.

Yanzu bari in zo kan shekarar da muke ce wa shekarar aradu, lokacin wasunku suna goye. Damina ta fara lafiya, dawa ta tashi har ta fara ɗaukar ciki, sai sama ta ɗauke ɗif. Muka yi addu'a da azumi, maƙwabtanmu Musulmi suka fita roƙon ruwa, hadari ya riƙa haɗowa yana wucewa ta kanmu ya je ya zuba a madatsar Tiga, inda ruwa ya riga ya yi yawa. Abin da aka girbe a shekarar, wani a kai ya ɗauko nasa ba sai an nemi jaki ba. Ni kuwa ko mutum ɗaya bai kira ni gini ba. Wa zai gina ɗaki don baƙon da bai zo ba?

Abu ɗaya ya rage mana. Shekarar da ta gabace ta an yi albarka, kuma ranar godiya kowane gida ya kawo dammunan dawa da gero gaban Ubangiji, har ikilisiya ta sa na gina rumbu a bayan majami'a aka zuba. Ban taɓa gina wanda ya kai shi kyau ba, in na zo wucewa har rage tafiya nake yi. Pasto Yohanna, dattijo mai sanyin magana wanda shi ma da fartanya yake ci, ya tara jama'a aka yanke shawara cewa rumbun nan ba na ci ba ne. Iri ne na kowa da kowa, ba za a taɓa shi ba sai ran da ruwan shuka ya sauka, domin in an raba tun yanzu yunwa za ta cinye shi kafin bazara. Kowa ya ce Amin. Na hau na zuba toka da ganyen dogon yaro saboda ƙwari, na kifa murfi, na liƙe bakin da laka, na shafe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, aka ɗora jinka.

Ranin nan ya yi tsawo. Samari suka watse zuwa gonakin rani na bakin Tiga neman ƙwadago, awaki suka riƙa tafiya kasuwa ba sa dawowa, tukunya ta koma hawa murhu sau ɗaya a yini. Mun ci zogale da tafasa da rama har in mutum ya yi hamma sai ka ji warin ganye. Wadda ta fi kowa shan wuya ita ce Iya Tabawa, tsohuwar da mijinta da ɗanta suka rasu suka bar mata jikoki. Gidanta ne mafi kusa da rumbun coci, da yamma ma inuwarsa a tsakar gidanta take faɗuwa. In ka ce mata, "Iya, yaya ƙoƙari?" sai ta ce, "Da godiya, ɗan nan. Mai abin yana sane."

Wata rana na zagaya duba tsaga kamar yadda na saba, na ɗaga jinkar, sai na ga liƙin bakin ba nawa ba ne. Kowane magini ya san shafin hannunsa. Wannan an yaɓa shi ne kamar ana shafa wa jaki magani. Na gyara, na yi shiru. Da mako ya zagayo na tarar da wani sabo, wannan karon na bahago, domin shafin ya bi ta inda nawa ba ya bi. Bahago kuwa ɗaya ne tak a cikin dattawan ikilisiya, Dattijo Nomau, wanda in ana waƙa muryarsa ke danne ta kowa. Daga nan abin ya zama kasuwa. Yau mai manyan yatsu, gobe mai gaggawar da ya manta ciyawa, jibi wanda ya kwaɓo taɓon bakin rijiya ya maka a kan makubata.

Na je na sami Pasto yana gyaran dangar gidansa.

"Baba Pasto, ana buɗe rumbun nan."

"Ka ga mutum?"

"Ban ga mutum ba, na dai ga hannu."

"Hannun wa?"

Dokar Kawu ta riƙe mini harshe, na tsaya ina sosa ƙeya.

Ya ce, "To kada ka faɗa. In na ji suna dole in kira mai shi gaban jama'a, kuma mai jin yunwa in ka ƙara masa da kunya ka kore shi daga gidan Allah ke nan. In kuma muka buɗe aka ga ya ragu, kowa zai zargi kowa. Rumbun na Ubangiji ne, Ishaya. Ya fi mu sanin abin da ke ciki."

Na ce, "Ya fi mu sani kam, amma ni nake shan liƙi."

Na tafi raina a ɓace, ina cewa sanyin mutumin nan ya yi yawa. Ran Lahadi ya yi wa'azi a kan kada a taɓa abin da aka keɓe wa Allah, kuma ban taɓa jin Amin mai ƙarfin ta ranar ba, Dattijo Nomau har da ɗaga hannu sama. Aka sa masu gadi bi da bi. Tun da aka sa gadin, liƙin ya ƙara saurin canzawa.

A gida kuwa matata Rahila ce ke shan mitata. Na ce, "Mutanen nan ba su da tsoron Allah, kuma ba su iya yaɓe ba." Ta ce, "Baban Ladi, wanne ya fi ɓata maka rai a ciki?" Na ce duka biyun. Ta ce Allah ya kyauta, ta ci gaba da tsinkar zogalenta.

Bazara ta kai maƙura, har wata rana da la'asar hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, iska ta fara kwashe zana. Ba a sauke ko ɗigo ba sai aka yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, na ji ta har cikin haƙorina. Muka fito da gudu, sai ga jinkar rumbun coci tana ci da wuta, tumbinsa ya tsage tun daga wuya har ƙasa, harshen wuta yana fita ta tsagar. Aradu ce ta faɗa masa. Muka yi ta jido ruwa da bokiti da ƙwarya daga rijiyar da ita ma ta kusa ƙafewa, duk a banza. Sai da wuta ta gama abin da ta zo yi, sannan ruwa ya ɓarke, ruwan shuka sosai, irin wanda muka yi wata da watanni muna roƙo. Muka tsaya a cikinsa ba wanda ya nemi mafaka. Ga ƙasa ta jiƙa, ga irin gari duka ya zama toka. Ranar na ji tsoro irin wanda ban ji ba duk tsawon yunwar.

Sai ku san wani abu game da mu. Kakanninmu sun ce aradu ba ta faɗuwa a banza, ɓarawo take nema, shi ya sa ko rantsuwa da ita ba a yi da wasa. Mun yi baftisma, mun bar tsafi, amma wannan tsoron yana wani lungu da ruwan baftisma bai kai ba.

Da gari ya waye na je da shebur ina tona tokar. Rumbun da ya cika in ya kama wuta, kwanaki yake yi yana ci ta ciki ko da ruwa ya sauka a kansa. Wannan tuni ya huce, tokarsa ko gwiwa ba ta kawo mini ba. Na san an ɗiba, amma ban san an kai haka ba. Na ce a raina, to, wanda wuta ba ta ci ba ciki ya ci, duk ɗaya ne, gonaki dai za su kwana ba shuka.

Pasto ya sa aka buga ƙarfe, kowa ya taru a majami'a ko da yake ba ranar sujada ba ce. Mata suna ta sharar hawaye, maza sun haɗa kai da gwiwa. Ya tsaya ya ce, "Jama'ar Allah, ba ni da irin da zan ba ku, ba ni kuma da dabara. Wanda ya hana ruwa bara shi ya ba da shi jiya, wutar ma ba ta sauka ba sai da saninsa. Ban san dalilinsa ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar na sani ba. Abin da na sani shi ne, in uba ya ɗaga murya, ɗan kirki matsowa yake yi. Mu durƙusa, kowa ya faɗa wa Allah abin da ke ransa."

Muka durƙusa. Can sai Dattijo Nomau ya miƙe.

"Baba Pasto, kada a wahalar da jama'a. Ni aradun nan take nema, gida ne ta ɓata. Na buɗe rumbun na ɗiba."

Pasto ya ce, "Ka ci?"

"Allah ya sani ko tsaba ban ci ba. Gani na yi kamar wasu za su riga ni su kwashe, na ce bari in ɓoye wa 'ya'yana iri. Yana nan cikin rufin ɗakina."

Bai kai ga zama ba sai Gambo, shugaban masu gadi, ya tashi. "A'a Dattijo, kada ka ɗauke abin kai kaɗai. Ni take nema. Ni da na ga babba kamarka a kan tsani, na ce to, lamarin ya zama na kowa ya yi ta kansa. Nawa yana cikin tulu, na binne a turken akuya."

Sai wata daga cikin matan zumuntar coci ta ce, "Ku maza ku zauna, ni sau biyu na hau. Na sussuke na ɗura a matashin kai, a kansa nake kwana, shi ya sa kuka ga wuyana ya ƙi juyawa."

Daga nan aka shiga rige-rigen aradu, kowa yana cewa shi take nema, har kuka ya fara gauraya da dariya. Akwai waɗanda suka ci wani abu daga ciki saboda yara, suka faɗa da hawaye, ba kuma wanda ya ɗaga musu ido. Amma yawancinsu ɓoyewa suka yi, domin manomi ko yunwa za ta kashe shi hannunsa yana nauyi a kan iri. Ni ina zaune ina haɗa kowane hannu da mai shi, ina kaɗa kai irin na mutumin da ba shi da laifi, sai na ji murya daga ɓangaren mata.

"Ni ma na ɗiba."

Rahila ce. Na manta a majami'a nake, na ce da ƙarfi, "Ke? Yaushe? Ai ban ga liƙinki ba!"

Ta ce, "Baban Ladi, shekara nawa ina miƙa maka laka? Ka hau ka duba shi, ka dawo gida ka ce mini wannan makon an bar maka naka."

Majami'a ta kwashe da dariya, har Pasto ya sa hannu ya rufe baki. Ashe irin yana cikin tsohuwar randa a bayan gadon da nake kwanciya a kai ina mita. Na rasa ko haushi zan ji ko alfahari, domin tsakani da Allah liƙin ya yi kyau.

Pasto ya bari aka lafa, sannan ya ce, "Kada wani ya fita nan ya ce Pasto ya halatta sata. Abin da kuka yi laifi ne, kuma ya wuce dawa. Kun ce Amin da baki, a zuci kuka ce Allah bai iya ajiya ba, kuka ce wa 'yan'uwanku ɓarayi tun ba su sata ba. A kan wannan za mu nemi gafara, kuma saboda Yesu za a gafarta mana. Amma ku dubi wanda muke bauta wa. Ya san wuta tana zuwa, ya bar rashin bangaskiyarku ya kwashe masa kayansa daga hanya. Ni wannan ya fi ƙarfin wa'azina."

Muka sake durƙusawa, kuma wannan karon ba tsoron aradu ne ya sa mu ba. Na ji manyan magidanta suna kuka suna neman gafarar Allah da ta juna. Ni ma na yi nawa, domin duk ranin nan lakata na fi amincewa da ita a kan Allah.

Sannan kowa ya tafi ya ɗauko. Wannan da dami mai baƙin hayaƙin ɗaki, wancan da tulu duk kashin akuya, waccan da matashin kai a ka. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar majami'a aka zube. Tsibin bai kai abin da aka zuba tun farko ba, amma da na zagaya shi na auna da ido, na ga in an yi hankali kowace gona za ta samu.

Ana cikin haka sai Pasto ya lura da Iya Tabawa zaune a gefe da jikokinta, hannu rabbana.

"Iya, ke fa?"

"Ni ba ni da abin kawowa, ɗan nan."

Dattijo Nomau, wanda tuba ya sa bakinsa ya buɗe, ya ce, "Haba Iya, yau ranar faɗar gaskiya ce. Rumbun fa a bakin ƙofarki yake."

Ta ce, "A bakin ƙofata yake kam. Duk ina ganinku, kowa da ranarsa. In kun ɗaga murfin har ƙamshin dawar nake ji, yaran nan suna kuka ina lallashinsu. Na ce wa Ubangiji, an ce naka ne, to ni na bar rabona a hannunka. Jiya da na ga wuta na ce shi ke nan, Mai abu ya karɓi abinsa." Ta dubi tsibin hatsin, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ashe a gidajenku ya ajiye mini."

Nomau ya cire hularsa ya sunkuyar da kai, Rahila ta ja gyale ta rufe fuska.

Nata aka fara aunawa, kuma mai awon bai share bakin ƙwaryar ba. Kafin kowa ya taka gonarsa, gari duka muka ɗauki sungumi muka nufi tata, maza suna sara mata suna zubawa. Rana ba ta yi tsaka ba muka gama shuke ta. Ita kuwa tana biye da mu a baya tana rufe ramuka da ƙafa, tana yi wa Nomau faɗa wai yana zuba iri da yawa.